Kyautar da Ta Share Waƙoƙin Tsofaffi

Akwai wani mutum, mai gida, yana da tsohuwar kwamfutar tebur. A cikinta ya rubuta waƙoƙin yabo da ya ji daga bakin tsofaffin zumuntar mata, waɗanda yawancinsu sun riga sun kwanta dama. Ba ya da kwafinsu a ko'ina.

Ran Litinin bayan Ista, shugaban mawaƙan ikkilisiya ya zo gidansa, ya ce, “Baba, har yanzu da wannan gurguwar manhajar kake rubutu? Akwai sabuwa, kyauta. Masu ita sun saki tushenta, wato rubutun da ake haɗa ta da shi, ga kowa, mutum ya sauko da shi, ya harhaɗa ta a kan na'urarsa.”

Mai gidan ya ce, “Ga bayani can sun rubuta a sama. Karanta tukuna.”

Ya yi dariya. “Haba Baba, wa ke karanta wannan?”

Bayanin kuwa ya ce a buɗe sabuwar folda, a yi aikin a cikinta, domin in an gama akan share tarkacen aikin. Shi kuwa shugaban mawaƙa sai ya zuba tushen a foldar da waƙoƙin suke. Ya harhaɗa, manhajar ta tashi, kyakkyawa. Sa'an nan ya ba kwamfutar umarni ta share duk abin da ke foldar.

Mai gidan ya ce, “To, buɗo mini waƙar Kaka Saratu mu gani.”

Babu. Ba ta Kaka Saratu, ba ta kowa. Farin shafi kawai. Tsohon ya kama bakinsa.

Shugaban mawaƙa ya ɗauki hularsa, ya ce, “Amma dai manhajar tana aiki, Baba. Kuma kyauta ce.”

Ma'anar wannan misali ita ce: alherin Allah kyauta ne, amma tare da Maganarsa ya zo. Wanda ya karɓi kyautar, ya ƙi karanta Maganar, ɗan'uwansa zai yi wa ɓarna. Kuma “ai kyauta ce” ba tuba ba ce! Na koyar da yara har na yi ritaya, ban taɓa karɓar irin wannan amsa ba.

Waƙoƙin nan na ikkilisiya duka ne, ba na mai gidan kaɗai ba. Saboda haka ban haƙuri a soro bai isa ba. Wanda ya aikata wannan yana jina. Ran Lahadi, kafin ya ɗaga hannu ya ba da waƙa, ya tsaya gaban jama'a, ya dubi zumuntar mata, ya roƙe su gafara.