Wasan Taubasai

A Unguwar Hajji ta Karaye akwai wani mai suna Badaru. Ya haura talatin, amma hankalinsa na yara ne. Ba shi da aiki sai kwaikwayon mutane don 'yan majalisa su yi dariya. Ko mahaifiyarsa ta gaji da ba da haƙuri a kansa.

Wadda ta fi shan wuyarsa ita ce Bahijja, 'yar kawunsa da ke Rogo, mai i'ina. Ran wani biki ta zo gaida manya, harshenta ya sarƙe. Badaru ya miƙe ya kwaikwaye ta a bainar jama'a, har da murguɗa baki. Da ta fashe da kuka sai ya ce, "Haba, ai wasan taubasai ne." Tun daga ranar ta ƙullace shi.

Bayan shekaru sai ga sonta ya kama shi, kamu na gaske. Ya shiga sintiri Rogo zance, ya sha turare kamar an yi ɓarinsa, yana kaɗa mukullin babur, ba hira sai yabon kansa. Bai taɓa ba ta haƙuri ba, ya ma manta. Ita kuwa murmushi kawai take yi.

"In turo?" ya tambaye ta wata rana.

"Turo mana, Yaya Badaru."

Ya cika gari da labari. Ya kwaso baffanninsa, da goro da alewa, suka sauka a zauren kawun nasa, Malam Aƙilu. Bayan gaisuwa, Malam Aƙilu ya sa aka kira ta bakin ƙofa.

"Bahijja, ke kika ce ya turo magabatansa?"

Ta durƙusa, ta yi magana a hankali, ba inda harshenta ya sarƙe.

"Ni ce, Baba. Amma ai wasan taubasai ne. Shi ya koya mini."

Babban baffan ya jawo takalmansa, ko kallon Badaru bai yi ba. A ƙofar gida Badaru ya fashe da kuka don baƙin ciki, babu mai lallashinsa. Har yau kukan nan 'yan majalisarsa suke kwaikwayo.

Darasin shi ne, al'ada ta yarda taubasai su yi wasa, ba ta yarda su ci mutuncin juna ba. Wanda ya yi dariya yakan manta, wanda aka yi wa ba ya mantawa. In ka ɓata wa mutum rai, ka fara neman afuwarsa kafin ka nemi wani abu a hannunsa.