Sallau da Rami na Sha Bakwai

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Sallau ake ce masa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Aikinsa haɗa kwamfutoci a wani asibiti, kullum yana durƙushe a ƙarƙashin teburin wani, da jakar wayoyi a kafaɗa.

To ku saurara, don in ba ku gane aikin ba, ba za ku gane mutumin ba. A wani ɗan ɗaki akwai akwatin ƙarfe mai ramuka a jere, suwic suke kiransa. Wayar kowace kwamfuta ta asibitin a nan take shiga. Akwati ɗaya ne, amma Sallau ya raba cikinsa sashe-sashe, kamar gidan gado da aka kewaye wa kowa nasa. Wannan rabon shi suke kira vilan. Sashe na goma na likitoci ne da ɗakin gwajin jini, na ashirin na ofis, na talatin na baƙi. Katanga ce da ido ba ya gani, amma wanda ke ofis ba ya iya leƙa sakamakon marar lafiya. Kuma layi ɗaya Sallau zai rubuta, katangar ta gusa.

Ran nan manajan asibitin, Alhaji Maikano, ya kira shi, ya rufe ƙofa, har ya ba shi kujera. A lokacin Alhaji yana neman kansila, abokin takararsa kuwa ya zo an ɗebi jininsa a asibitin. Alhaji ya ce wayar kwamfutar ofishinsa a rami na sha bakwai take, a mayar da ramin zuwa sashen likitoci, na kwana ɗaya tak, don ya leƙa sakamakon mutumin. Ya ce babu wanda zai sani.

Jama'a, gaskiya ya faɗa. Babu wanda zai sani. A duk ginin nan Sallau kaɗai ya iya karanta abin da ke cikin akwatin. Ga iyali, ga tsohuwa a gida, ga shi wannan mutumin ne ya ɗauke shi aiki. Sallau ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi min alheri, ban manta ba. Amma mutumin nan likita ya miƙa wa hannunsa, ba ni ba, ba kai ba."

Alhaji ya lallashe shi, ya ƙi. Ya yi masa faɗa, ya ƙi. Ya tambaye shi ko ya san akwai masu neman aikinsa. Sallau ya ce ya sani, ya ba da haƙuri, ya tashi.

Kafin wata ya ƙare aka sallame shi. Kafin ya fita ya rubuta kowane rami da sashensa, ya miƙa wa babban likita takardar, don kada wanda zai gaje shi ya sha wahala. Da likitan ya tambayi dalilin tafiyarsa, sai ya ce zamansa ne ya ƙare. Ya koma kasuwa yana gyaran wayar hannu a rumfar aro. Matarsa ma bai gaya wa ba. Shi ya rufa asirin marar lafiya, shi ya rufa asirin wanda ya kore shi.

Za ku ce to ni ina na ji? Daga bakin Alhaji Maikano na ji, bayan shekaru, ranar da muka dawo daga jana'izar Sallau. Yana faɗa yana share hawaye. Ya ce tun daga ranar bai sake neman wani ya taɓa ramin ba, kunya ta hana shi.

To wannan ita ce amana: ka tsare abin da babu mai ganinka sai Allah, ko da za ta ci maka abincinka. Kai mai gyaran waya, hotunan mutane suna hannunka. Ke ma'aikaciyar jinya, kin san ciwon maƙwabciyarki. Kowannenku akwai ramin da aka ba shi tsaro. Ranar da babba ya rufe ƙofa ya ba ka kujera, me za ka ce masa? Allah ya ba mu ikon cewa a'a.