Makahon da Ya Ƙi Cewa Yana Gani

An yi wani mutum, 'yan'uwa, a wani gari da ke gindin dutse, tun zamanin da ake buga guntun ƙarfen garma don kiran mutane sujada. Sunansa Barnaba, masassaƙi ne. Turmi da taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, har bencin da ake zama a majami'ar garin, duk aikin hannunsa ne. Ba mai yawan magana ba ne wannan bawan Allah. In aka ce ya yi addu'a a gaban jama'a, kafin mutane su gama rufe ido ya riga ya ce amin.

To, ku saurara. Ana nan sai ido ya fara ba shi wahala. Da fari kamar hayaƙi ne a gefe-gefe. Sai gizago ya fara sauka inda bai aike shi ba. Ranar da ya sare kan yatsansa, matarsa Bilhatu ta ce ya isa haka, ta ɗora shi a jaki suka tafi asibitin mishan. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce jijiyar idon ta riga ta bushe, babu abin da hannun mutum zai iya. Ya ba shi maganin ɗigawa don rage zafi, suka dawo.

An yi addu'a kuwa? An yi. Dattawan ikilisiya sun zo sun shafa masa mai, sun ɗora masa hannu. Matan zumunta sun yi azumi. Shi kansa kowace safiya sai ya durƙusa a bakin gadonsa ya ce, "Ya Uba, ina son idona. Ba zan ɓoye maka ba, ina son sa. Ka buɗe mini. In kuma ka ga ba haka ba, to, kada ka sake hannuna." An roƙa, an roƙa, an kuma roƙa. Ido kuwa ya ci gaba da rufewa, har ranar da Bilhatu ta tsaya a gabansa da rana tsaka, ya tambaya ko ta fita ne.

Sai ga wansa Jatau, wanda bai taɓa barin tsafin gidansu ba, ya zo janye da baƙin bunsuru. Ya ɗaure shi a ƙofar gida, ya shiga ya zauna.

Ya ce, "Ƙanena, ka ga inda taurin kai ya kai ka. Ka bar abin da iyayenmu suka bi, ga shi an karɓe maka ido. Tashi mu je gindin tsamiya a zub da jini, a ba su haƙuri."

Barnaba ya ce, "Yaya, na gode da ka taso saboda ni. Na san ƙauna ce ta kawo ka. Amma ka kwance bunsurunka."

"Wanda kake bi ɗin me ya yi maka? Ga ka nan a zaune kamar kututture."

"Yaya, ranar da na bi shi ban ce masa sai ya tsare mini ido ba. Ba mu yi wannan ciniki da shi ba. Ya ba ni ido na yi aiki da shi, ya karɓa. Ko kunnen ma ya karɓa gobe, nan za ka same ni."

Jatau ya tashi cikin fushi, ya ja bunsurunsa ya tafi. Za ku ce ai gwaji ya wuce ke nan. A'a, 'yan'uwa. Wannan mai sauƙin ne, domin daga waje ya zo. Mai wuyar a cikin gida yake jiransa.

Bayan an gama girbi sai wani baƙon mai wa'azi ya sauka a garin. Labarinsa ya riga shi isowa: an ce guragu na tashi, an ce kurame na ji. Majami'a ta kasa ɗaukar mutane, aka koma fili, ƙarƙashin wata babbar ɗorawa. Bilhatu ta wanke wa mijinta rigarsa ta Lahadi, ta riƙe masa sanda suka tafi. Kada wani ya ce Barnaba ya je ne da shakka. Da dukan zuciyarsa ya je. A hanya har yana ce wa matarsa, "In Ubangiji ya yi, ke zan fara kallo, sa'an nan in je in ga ko tsatsa ta cinye mini gizago."

Baƙon nan yana da murya. Ya ce duk wanda aka yi wa addu'a bai warke ba, laifinsa ne, bangaskiyarsa ce ta gaza. Ya ce kowa ya furta da bakinsa cewa ya warke, ya jefar da magani, domin riƙe magani raina Allah ne. Aka fito da wata gwauruwa, Damaris, wadda tari ya daɗe yana cin ta, har takan tofar da jini. Aka ɗora mata hannu, ta ce ta warke. Barnaba ya ji ƙarar kwalbar maganinta ta fashe a kan dutse, ya ji guɗar mata. Da ta dawo ta zauna a bayansa kuma, ya ji tana danne tari a cikin gyalenta don kada kowa ya ji.

Sai aka ce a kawo makahon.

Bilhatu ta kai shi gaba. Baƙon ya danna manyan yatsunsa a kan idanun, ya yi addu'a da ƙarfi, jama'a na amsawa. Barnaba yana cewa a ransa, ko yau ce, Uba? Ko yau ce? Baƙon ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, buɗe idonka! Me kake gani?"

Ya buɗe. Duhu.

Ya ce, "Ba na ganin kome, Malam."

Aka sake addu'a, aka ƙara ƙarfin waƙa. Baƙon ya sunkuyo kusa da kunnensa ya ce a hankali, "Baba, ka ce kana gani. Ita ce bangaskiya. Ka faɗa, ganin zai biyo baya." Sa'an nan ya ɗaga murya, "Wane launi ne zanen matarka?"

Ku saurara da kyau a nan. Barnaba ya san zanen. Shuɗi ne, shi ya saya mata tun yana gani, kuma ya ji ta da safe tana cewa shi za ta ɗaura. Kalma ɗaya ce. In ya faɗe ta, sai fili ya ɗauki guɗa, a ɗaga shi sama, Bilhatu ta fita kunya, kowa ya koma gida da murna. Har bakinsa ya buɗe. Sai ya sake jin tarin nan a bayan taro.

Ya ce, "Zanen na san shi, amma ba ganinsa nake yi ba. Ba na gani."

Waƙa ta tsaya. Baƙon ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani? Akwai zunubi a ɓoye a nan. Mutumin nan shi ya tare wa kansa hanya."

Nan ne mutumin da ba ya iya doguwar addu'a ya dogara sandarsa ya yi magana, har na can baya suka ji.

Ya ce, "Malam, zunubi kam ina da shi, kuma wanda ya mutu dominsa ya san shi duka. Amma ba zan ƙara ƙarya a kai ba, a gaban jama'arsa, da sunansa. Allahna ba ya bukatar in yi masa ƙarya don in fid da shi kunya. Ya iya buɗe idon nan yanzu, kafin in rufe bakina. Na roƙe shi jiya, na roƙe shi yau, gobe ma zan roƙe shi. Bai buɗe ba. To, shi ne Ubangiji, ni ba ubangijinsa ba ne. Ba zan ba shi umurni ba, ba kuma zan bar shi ba." Sai ya juya fuskarsa wajen taron ya ce, "Damaris, 'yar'uwata, ina jin tarinki. Ki koma ki karɓo maganinki. Ba ki yi wa Allah laifi ba."

Kuna tsammani an yaba masa? Ko kaɗan. Wasu suka ce ya ɓata taro. Wasu suka ce ya kunyata garin a gaban baƙo. Aka janye shi gefe kamar wanda ya yi sata. A hanyar gida Bilhatu tana kuka ta ce, "Maigida, da ka ce ko inuwa-inuwa kake gani. Yanzu da wane ido zan shiga cikin mata?"

Ya ce, "Bilhatu, da na faɗa, gobe da safe wa zai kai ni bayan gida? Ke ce dai. Sai mu riƙa ɓoyewa, ni da ke, har mu mutu. Wannan duhun ya ishe ni, kada mu ƙara wani."

Ta ci gaba da riƙe masa sandar har gida.

Baƙon ya wuce wani gari. Mutane suka ɗauke ƙafa daga gidan Barnaba, har a majami'a wasu sukan matsa in ya zauna, a kan bencin da shi ya sassaƙa. Bai fasa zuwa ba. Ya koyi tufkar igiya da rama, yana zaune a zaurensa yana yi.

Ana nan wata safiya ya ji sallama a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Damaris ce, tari ya kusa kayar da ita. Ta ce, "Baban gida, kunya ta hana ni komawa asibiti, tunda na ce na warke a gaban kowa. Ko Bilhatu za ta raka ni?" Bilhatu ta raka ta. Matar nan ta sha maganinta, aka yi ta yi mata addu'a, Allah kuwa ya tashe ta. Ta rayu har ta goyi jikoki. Bayan ita wani mai gyambo ya zo, wanda shi ma ya ce ya warke alhali yana ɓoye ƙafar a cikin wando. A hankali zauren makahon nan ya zama inda mai ciwo ke zuwa ya faɗi gaskiyar ciwonsa ba tare da an tuhume shi ba, a yi addu'a tare.

Shi fa? Allah ya ta da Damaris, amma bai buɗe idon Barnaba ba. Kada ku tambaye ni dalili, ban sani ba. Ya tsufa a makaho, ya mutu a makaho, kuma har ƙarshen ransa bai daina roƙon idonsa ba, bai kuma daina yi wa Ubangiji godiya ba.

'Yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ku roƙi warkarwa, ku roƙa da ƙarfi, kada ku ji kunya, gama Yesu yana warkarwa har yau. Ku sha maganinku, ku je asibiti, shi ma hannun Allah ne. Amma kada wani ya sa ku yi ƙarya da sunan bangaskiya, kada kuma wani ya ce muku ciwon da bai tafi ba shaida ce Allah ya ƙi ku. Akwai mai ciwo a nan yau da ya gaji da roƙo. Akwai wadda ta binne wanda ta yi wa azumi, tana zargin kanta har yanzu. Ki ɗaga kanki. Ka ɗaga kanka. Bangaskiya ba ita ce ka tilasta wa Allah ya yi nufinka ba. Bangaskiya ita ce ka roƙa, ka jira, in amsar ba ta zo yadda kake so ba ka tsaya inda kake, ka ce wa ciwo, ka ce wa masu surutu, ka ce wa Shaiɗan kansa: ko ya warkar ko bai warkar ba, nasa nake, ba inda za ni.

Mu tashi mu yi addu'a.