Kacalla da Geron Lawwali

'Yan uwa, kwanakin nan hankalina ba kwance yake ba. Bari in fara ba ku labarin da Addata ta ba ni, kana in faɗi damuwata.

Akwai wani manomi wajen Tozai, sunansa Lawwali. Gonarsa tana can tudu, kuma mutum ne mai binne: tun ruwa bai sauka ba yake zuba iri cikin busasshiyar ƙasa, don haka geronsa ke riga na kowa nuna.

Sai kacalla ta kama tafkinsu, doguwar ciyawar nan mai cinye ruwa. Masunta sunka rasa wurin jefa koma, shanu sunka rasa mashaya.

Wakilin maigari ya kira gayya, kowace unguwa da gefenta. Ana shiga ruwa har ƙugu da lauje, a yanke ta daga ƙarƙashi don kada ta sake tofo.

Lawwali ya yi dariya. "Wakili, mi ya haɗa ni da tafki? Ni ba Basarke mai kamun kifi ba, ba mai fadama ba. In ba matsattsaku jinina don kifin wani?"

"Lawwali, ruwan ga na kowa na."

"To kowa shi shiga. Ni ba za ni ba."

Da maƙwabta sunka ga ya zauna, su ma sunka zauna. Gefen unguwarsu ya zama daji.

Ashe can cikin kacallar tsuntsayen jan-baki ke samun makwanci. Gero na fara ƙwaya tsuntsayen sunka taso kamar hadari, kuma duk karkarar geron Lawwali kaɗai ya isa ci. Shi da matarsa Halimat sunka yi ta kaɗa gwangwani har muryarsu ta dushe. Wakili ya zo da mutane, amma sai kara sunka iske.

Halimat ta zauna bakin kunya tana kuka. "Malam, mi za mu ba yara?"



Darasi: Ɓarnar da ka ƙi tarewa don ba a ƙofarka take ba, tana iya shigo maka ta sama. Ku tura wa wasu don Allah.

To ga tawa. Kacalla ta kama tafkinmu na Kamarawa, an sa gayya ran Asabar, maigidana Baban Ummi ya ce ba ya zuwa. Mu ma binne munka yi bana, kuma rumbunmu ya kusa ƙasa. Na yi magana, ya ce in bar zancen maza.

In kai ƙara wurin yayansa, ko in yi shiru? Ku ba ni shawara, Asabar ta matso.