Ba-Ragi da Farar Kyanwar Marigayi

Abin da Ba-Ragi ta rasa shi ne farar kyanwa mai dogon gashi, wadda aka taɓa taya mata da kuɗin keken ɗinki biyu. Abin da ta samu kuwa matajin ƙarfe ne mai karyayyun haƙora biyu. Ga yadda cinikin ya kasance.

Ba-Ragi yadi take sayarwa. Ko sunanta ba ta iya karantawa, amma ba a haifi mai cutar ta a ciniki ba, kuma tana ji da hakan. Kyanwar ta mijinta ce. Kullum da safe yakan ɗora ta a cinya a bakin ƙofa, ya sa wannan matajin ya taje mata ciki da hammata da bayan kunne. Ƙarshen wata kuma ya kai ta shagon abokinsa mai gyaran dabbobi, a yi mata wanka a yanke farata.

Bayan rasuwarsa da wata guda, matar mai kemis ta zo ta taya kyanwar.

"Albarka," in ji Ba-Ragi. "Dubi gashin nan, kamar auduga. Ki ƙara rabin abin da kika faɗa, sai mu fara magana."

Matar ta tafi. Ba-Ragi ta san za ta dawo.

Da wata ya ƙare ta saka kyanwar a kwando ta nufi shagon gyaran. Mai shagon ya faɗi kuɗin aikinsa. Ta riƙe baki.

"Kai wanzamin kyanwa, ka ji tsoron Allah! Ni kaina kitson nawa nake yi?"

"Matar yaya, ke ai kanki ba ya yakushi," ya ce yana dariya. "Abin da marigayi ke biya ke nan."

"Shi ya sa ya mutu bai bar komai ba. Rabi zan ba ka."

Ya cusa yatsu cikin gashin cikin kyanwar, sai dariyar ta ɗauke. "Ya fara ƙullewa a nan. In ba za ki bar ta ba, ki riƙa taje ta har fata, kullum. In kuma ya riga ya dunƙule, kada ki sa masa ruwa, kada ki sa almakashi. Ki kawo min."

Ta ɗauki kwandonta. A ranta ta ce, duk mai sana'a haka yake tsorata mutum don a dawo wurinsa.

Tana taje ta, ba a ce ba ta yi ba. Amma yadda take jera yadi a shago, mai kyau a sama, haka ta yi wa kyanwar. Sai ta shafa mataji a gadon baya, inda idon mai saye zai sauka. Ciki da hammata kuwa, da ta taɓa sai kyanwar ta yi gurnani, sai ta ƙyale.

A hankali gidan ya canja. Kyanwar ta daina hawa taga. Ta koma ƙarƙashin gado, ba ka jin komai sai ƙarar susa, ƙarat-ƙarat, ba tsayawa. Wani wari ya fara tashi a ɗakin. Ba-Ragi ta wanke labule, ta juya katifa, warin yana nan. Sai ga koren ƙuda guda ɗaya yana kewaya ƙafar gado. Washegari sun zama biyar.

Ranan nan matar mai kemis ta aiko cewa ta yarda da ƙarin, jibi za ta zo ɗauka. Ba-Ragi ta yi murmushi. Ta jawo kyanwar ta tsoma a baho, ta dirje ta da sabulun wanki. Da gashin ya bushe, dunƙulen suka ƙara tamkewa, suka zama kamar tsohon bargo manne da fata. Kyanwar ko miƙe ƙafa ba ta iya yi.

Sai ta ɗauko almakashin yadi. Ta kama dunƙulen hammata ta ja, ba ta san fatar ta biyo shi ba. Ta datsa.

Ƙarar da kyanwar ta yi sai da maƙwabta suka leƙo. Jini ya ɓata farin gashin. A ƙarƙashin inda ta buɗe kuwa, miki ne ɗanye, fararen tsutsotsi suna motsi a ciki.

Ba mayafi ta isa shagon. Mai gyaran ya sa injin aski ya kwashe gashin kaf, ya zubo a ƙasa a haɗe kamar riga. Abin da ya rage a kan teburin ƙashi ne da fata da miki huɗu, yana rawar sanyi.

"Sai likitan dabbobi, yau ɗin nan," ya ce. "Ɗinki da allurai na sati uku. Kuɗin ya fi ƙarfinki, matar yaya. In an kai gobe, ba na ce za ta rayu ba."

A nan matar mai kemis ta same su, don labari ya kai mata ba ta jira jibin ba. Ta daɗe tana kallon teburin.

"Yaya, yanzu nawa za ki karɓa?"

Bakin Ba-Ragi ya buɗe zai ce albarka, don ya saba. Sai kyanwar ta ɗago kai da ƙyar, ta dube ta yadda take duban marigayi da safe.

"Ki kai ta wurin likita, ki biya maganinta," in ji Ba-Ragi. "Kuɗinta ke nan. Matajin marigayi kawai za ki bar min. Na sallama."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, dabbar da ka ajiye a gidanka amana ce, ba haja ba. Ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, sai ka sa hannu ka duba inda ido ba ya kaiwa. Idan wanda ya san aikin ya gargaɗe ka, ka saurara, ko da kana ganin kuɗinka yake so. Iya ciniki baiwa ce, amma wanda ya nemi ragi a kan kula da mai rai, abin da ke hannunsa gaba ɗaya yake jefawa cikin haɗari.