Ƙahonnin Kuri

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso, kunnuwanmu na jira.

Wata shekara fari ya koro shanu har bakin tafkin Chadi. Ciyawa ta ƙare ƙaf, sai a wani tsibiri can tsakiyar ruwa.

Bunaji, farar saniya mai alfahari da nono, ta ga Kuri, saniyar tafkin, ƙahonninta a kumbure kamar goruna. Ta ce, "Baiwar Allah, wa ya ɗora miki wannan kaya?"

Bokolo, ƙaton sa mai taƙama da nama, ya yi dariya har tozonsa na rawa. Ya faɗa ruwa, ƙiba ta ja shi ƙasa, da ƙyar ya fito yana tari.

Kuri ta ce, "Yaya, aza haɓarka a bayana."

Ta shiga ruwa, ƙahonnin nan suka taso, suka tallafe kanta. Haka ta haye da shanun zuwa tsibirin ɗaya bayan ɗaya, ko nishi babu.

Bunaji ta tsaya, ciyawa a baki, ta kasa taunawa. Ta ce, "Ikon Allah! Ashe da jirginki aka haife ki!"

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa!