Kurege Mai Odar Rabin Kuɗi

Ga ta nan, ku matso ku karɓa.

Wata shekara yunwa ta matsa wa Kurege har haƙarƙarinsa suka fito. Sai ya naɗa tsumma ya zama rawani, ya nufi rumfar Ɓauna mai ƙuli-ƙuli.

Ya ce, "Ni ne wakilin Zaki. Ana suna a gidansa, kwando goma nake so, a rabin kuɗi."

Ɓauna ta ce, "Rabi? Ai faɗuwa zan yi, ranka ya daɗe."

"Haba Gwaggo! Kuɗin rumfa kin riga kin biya, kaskonki zaman banza yake da yamma. Duk abin da ya hau kan kuɗin gyaɗa riba ce."

Ɓauna, ƙaton kai ba lissafi, ta yarda. Ta manta da itace, ta manta da ladan masu daka. Kurege ya kwashi kaya ya tare bakin kasuwa, ya sayar wa masu sayenta na kullum da araha, ya biya ta rabinta, ya cinye kwando biyu. Nata ƙulin ya kwana ba mai taya shi.

Yana lashe baki yana cewa, "Ni ne Kurege! Ita da gumi, ni da ƙoshi!"

Da gari ya waye ya shafa toka a gemu, ya zama tsohon falke, ya je wa Kura mai tsire. Tsinke ɗari uku, rabin kuɗi. Kura ta ji "ɗari uku" sai miyau ya tsinke mata. Tukubarta ba ta iya ɗaukar odar da cinikin yau da kullum, sai ta kori masu cinikinta. Suka koma wajen Dila, shi ma mai tsire, ba su dawo ba har yau.

"Ni ne Kurege! Wawiyar ma sai da ta gode mini!"

Da gari ya waye ya sa babbar riga, ya zama Alhaji, ya tafi wurin Giwa mai man gyaɗa, ya karanta mata karatunsa: tulu ashirin, rabin kuɗi.

Giwa ta ce, "Zauna, Alhaji." Ta tara tsakuwa daidai kuɗin da ya taya. Ta cire na gyaɗa, ta cire na itace, ta cire na tuluna, ta cire ribar masu sayenta da za ta bari su koma hannu wofi. Ba tsakuwa ko ɗaya da ta saura.

Ta ce, "Ina ribar tawa?"

"Tana nan tafe, Hajiya, sai dai a hankali..."

Giwa ta sa hanci ta ɗaga babbar rigarsa, sai ga wutsiya buzu-buzu. Ta kama ta, ta juya shi sau uku, ta wurga shi cikin ƙaya.

Ya fito da ƙulu a goshi, yana ɗingishi yana gudu. Da ya yi nisa ya waiwayo ya ce, "Ke dai rowa ce ta koya miki lissafi! Kasuwa cike take da manyan da ba su iya ƙirga ba!"

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.